Kada ka matse kan waya alhali ɗaya bakin na jikin PoE

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce kan wayar kyamararka ta waje ya yi tsatsa, kana so ka yanke shi ka matsa sabo, amma ɗaya bakin wayar na cikin ofis a kulle, jone da PoE, wato tsarin da ke ba kyamara wuta ta cikin wayar data ɗin kanta, shin za ka iya yin aikin a haka? Shawarata ka haƙura a buɗe ofishin, ka zare wayar da hannunka, sannan ka hau tsani. Na ga wasu sun ce maka su kullum haka suke yi kuma ba abin da ya taɓa faruwa. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai akwai dalilin da ya sa suke tsira, kuma ba kowace waya ce ke da wannan dalilin ba.

PoE iri biyu ce a wurin aiki. Akwai mai bin ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE: 802.3af ta 2003 mai wat 15.4, da 802.3at ta 2009 mai wat 30, da 802.3bt ta 2018 da ke kaiwa wat 90. Wannan ba ta sakin wuta haka kawai. Suwic ɗin, wato akwati mai kafofi da yawa da ake jona wayoyin a jikinsa, sai ya fara lalube da ƙaramar wuta, tsakanin bolt 2.8 zuwa 10, yana neman wata alama ta kilo-om 25 da ke cikin kyamarar. In ya same ta sai ya saki cikakkiyar wutar, wajen bolt 44 zuwa 57. In ka zare kyamarar, kafin rabin sakan ya ɗauke. Waɗanda suka ce maka ba komai, galibi a kan irin wannan suke aiki, kuma sun riga sun zare na'urar kafin su yanka.

Ɗaya irin ita ce ta ƙaramin injekta, wato ɗan akwatin da ke ɗaukar wuta daga soket ya sa wa wayar, kuma wannan ba ta tambayar kowa. Irin wadda ke zuwa da yawancin rediyoyin intanet na Ubiquiti da MikroTik, bolt 24, wata ma 48. Da zarar an jona ta a soket, wuta na kan wayar, ko da na'ura ko babu. Yawanci shuɗayen wayoyin nan biyu, lamba 4 da 5, su ne fositif, masu ruwan ƙasa kuma, 7 da 8, negatif. Har wasu suwic masu arha da ake rubuta wa PoE a kwali haka suke aiki. To kai da kake tsaye a waje, wayar da wataƙila ba kai ka ja ta ba, ta ina za ka san wacce ce a can ciki?

Yanzu ɗauki filayar matsewar taka ka duba bakinta da kyau. Haƙoran nan takwas da ke danna filayen kan wayar, wato ƙananan ƙarafunan nan masu ruwan zinare, duk jikin ƙarfe ɗaya ne. Lokacin da ka matsa, ƙarfen yana taɓa filayen takwas gaba ɗaya, su kuma sun riga sun huda roba sun kama tagulla. Ka haɗa fositif da negatif kenan. Rezar yanka ma haka take, kuma abin ya fi muni a irin kan da wayoyi ke ratsawa su fito ta gaba, domin reza ɗaya ce ke datse su takwas a tare. Na taɓa tsayawa kusa da wani yaro yana wannan aikin a kan wayar rediyo: wani ɗan tartsatsi ya fito, rezar ta yi baƙin tabo, da muka sauko muka tarar fitilar injektan ta mutu yana warin ƙonanniyar roba. Injekta mai kyau yakan ɗauke ya dawo, mai arha kuwa shi kenan. In kuma wutar ta bi ta wayoyin data, ƙananan taransifomomin da ke bayan kafar suwic ɗin na iya ƙonewa, ka rasa kafar nan har abada.

Ko a kan mai bin ƙa'idar ma, kada ka yanka wayar a tsakiya alhali kyamara na kunne a ƙarshenta. A lokacin cikakkiyar wutar na gudana, kana dogaro ne kawai da kariyar suwic ɗin ta riga rezarka.

Maganar jan wuta kuwa, bolt 48 ba ya cika yi wa mai busasshen hannu illa. Amma wa ke da busasshen hannu a kan tsani da rana tsaka? Da gumi za ka ji ya tsikare ka, kuma abin da nake tsoro shi ne zaburar da za ka yi a sama da filaya a hannu. Wannan kaɗai ya isa ya sa in ce maka ka jira.

In an buɗe ofishin, kada ka tsaya a kashe kafar ta cikin kwamfuta, zare wayar. Ka naɗa mata salatif ka faɗa wa wanda ke wurin kada ya mayar, domin mutane na ganin waya a zare sukan cusa ta da niyyar taimako. Ka matsa kan, ka gwada da testa tun wayar na zare, saboda ƙananan testocin nan masu fitila takwas wutar injekta na ƙona su. Sai ka fara jona kyamarar, ɓangaren wuta ya zama na ƙarshe. Tunda tsatsa ce ta ci kan farko, ka sa wa sabon murfin robar da ke zuwa da kyamarar, ka kuma ɗan lanƙwaso wayar ƙasa kafin ta shiga, don ruwan sama ya ɗiga a can maimakon ya bi ta zuwa cikin kan.