Me ya sa dokar bayar da kwangila ba ta isa ga ayyukan haɗin gwiwa ba?

Tambaya: Ƙasarmu tana da dokar bayar da kwangilar gwamnati, kuma tana aiki. Yanzu ana ta kiran a gyara ta saboda ayyukan haɗin gwiwar gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu. Ina amfanin hakan?

Amsa: Dokar da aka saba da ita don saye aka tsara ta. Gwamnati ta faɗi abin da take so, a yi gasa, mai rahusa ya ci, ya kawo kaya, a biya shi, kowa ya kama gabansa. A haɗin gwiwa kuwa, kamfani ne zai zuba jarinsa ya gina hanya ko tashar jirgin ruwa, ya riƙe ta shekara 20 ko 30 yana mayar da kuɗinsa. Ranar sa hannu mafarin hulɗar ce kawai, ita kuwa tsohuwar doka a ranar take naɗe tabarmarta.

Nan ɓarakar take. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2004 kan irin waɗannan yarjejeniyoyi kusan 1,000 a yankin Latin Amurka ya gano an sake zama an sauya sharuɗɗan kashi 30 cikin ɗari, a fannin ruwan sha ma abin ya haura kashi 70, yawanci cikin shekarun farko. Dabarar a bayyane take: kamfani ya karya farashi ya ci gasa, in abokan takara sun watse sai ya dawo ya ce lissafi bai fita ba. A lokacin gwamnati ba ta da wani zaɓi, aiki ya yi nisa. Shi ya sa Chile ta gyara dokarta a 2010, ta taƙaita ƙarin aikin da za a iya cusawa bayan sa hannu, ta kuma kafa kwamitin ƙwararru mai duba saɓani. A ganina gyaran da bai taɓa wannan ba kwalliya ce kawai.

Sai tayin da kamfani ke kawowa da kansa ba a nema ba. Hana shi baki ɗaya asara ce, amma dole doka ta fito da shi fili. A Filifin ana tallata irin wannan tayin don wasu su kawo wanda ya fi shi, sannan a ba mai tayin farko damar daidaita nasa da wanda ya fi shi. Kenya tana da sabuwar dokar haɗin gwiwa tun 2021, duk da haka tayin kamfanin Adani na Indiya kan filin jirgin saman Nairobi ya tayar da ƙura saboda zargin rufa-rufa, har Shugaba Ruto ya soke shi a Nuwamban 2024.

Kada kuma a bar ma'aikatar kuɗi a baya. Lamunin da gwamnati ke tsaya wa kamfani bashi ne, ko da bai fito a kasafin bana ba. A Afirka ta Kudu aikin haɗin gwiwa na gwamnatin ƙasa ko na lardi ba ya wucewa sai baitulmali ya amince mataki-mataki, tun daga binciken yiwuwar aikin har zuwa sa hannu.