Filin Tambayar Likita: Yawan yi wa bakwaini sikanin yana cutar da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Na haihu wata bakwai, yarona yana kwalba a asibitin koyarwa na tarayya nan Gombe. Sun mai sikanin a kai sau biyu, jiya kuma suka ɗora abin a ƙirjinsa wai eko, suka ce akwai jijiyar da ba ta rufe ba. Surukata ta ce yawan haska jariri yana ƙona mai jini, wallahi ko barci ba na yi. Daga wata uwa a Pantami.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya. Ki kwantar da hankalin Hajiya, sikanin ba eksire ba ne, sauti ne da kunne ba ya ji yake shiga jiki ya dawo sai na'ura ta mai da shi hoto, irin dai wanda aka miki a awon ciki. Ba ya ƙona jini.

Batun jijiyar nan, ta jini ce kusa da zuciya, kowane ɗa yana da ita tun yana cikin mahaifa, tunda a can ba da huhu yake numfashi ba, iska ta cibiya take zuwa mai, sai jini ya bi wata ɓarauniyar hanya ya kauce wa huhun. Wanda ya cika wata tara tasa kan rufe cikin kwana 2 zuwa 3. Bakwaini kuwa, wato wanda ya zo kafin sati 37, sau da yawa tasa takan yi jinkiri, musamman ɗan ƙasa da sati 28, likitoci na ce mata PDA. In tana da faɗi jini ya yi wa huhu yawa, hanji da ƙoda kuma su samu kaɗan, sai ki ga yaro na haki ya kasa rabuwa da oksijin. To da ido ba a gane wannan, sai eko, wato sikanin zuciya. In kin leƙa allon za ki ga ja da shuɗi suna motsi, ja jinin da ya nufo kan na'urar ne, shuɗi wanda ke tafiya, da haka likita ke sanin inda jinin ya dosa da saurinsa.

Sikanin kai kuma ta maɗiga ake leƙawa tunda ƙashi bai haɗe ba, ana duba ko jini ya tsiyaya a ƙwaƙwalwa, abin da ya fi faruwa a kwana 3 na farko, shi ya sa ake maimaitawa.

Da yawa jijiyar da kanta take rufewa. Wasu a ba su ibufrofen ko farasitamol bisa nauyinsu, kaɗan ne ake kaiwa ga tiyata. Amma ina roƙonki don Allah kar wani ya ji haka ya tafi kemis ya sayo ya ɗura mai, ƙodar bakwaini ba ta da ƙwari.

Gobe in sun zo zagaye ki tambayi likitansa, faɗinta nawa, magani za a ba shi ko jira za a yi, yaushe za a sake eko. Ki ci gaba da tatsar nono kina kai wa nas, in sun ba ki dama ki riƙa ɗora shi a ƙirjinki fata da fata.