Ɗaki, waya da hanyar dare: amsoshin tambayoyin ɗaliban Damagaram

Assalamu alaikum. Tun da aka koma karatu a Jami'ar André Salifou, yawancin saƙonnin da ke iso ni daga sababbin ɗalibai suke, 'yan Tanut, Gure, Magarya, Matamai, har da na Diffa da Agadas, waɗanda wannan ne karonsu na farko na zama a Damagaram ba iyaye kusa. Baƙo makahon gari ne, kuma ɓarawo ya fi kowa gane baƙo. Na zaɓi tambayoyi biyar da suka fi maimaituwa, na taƙaita su, na cire sunaye.

Tambaya, daga wani ɗalibi ɗan Tanut: Baba, ban samu gado a site, wato masaukin ɗalibai na jami'a, ba. Dillali ya nuna mini ɗaki biyu. Ɗaya cikin gidan haya ne mai iyalai, jika 10 (sefa dubu 10) a wata, ga hayaniyar yara, ga mai gidan yana kulle ƙofa da wuri. Ɗayan sabon gini ne a bakin gari, jika 7, ba kowa kusa, shiru don karatu. Wanne zan kama?

Ɗana, kama na iyalan. Jika 3 ɗin nan da kake ganin asara ce, kuɗin gadi ne, kuma ba za ka samu mai gadi a wannan farashi ba ko'ina a garin nan. Ka duba yadda ranar ɗalibi take: ka fita da safe, ka dawo da yamma, kullum lokaci ɗaya, jaka a baya. Duk wanda ya zauna kan dakali kwana uku ya san sa'ar da ɗakinka ba kowa, kuma ya san me ke ciki, tunda ɗakin ɗalibi ba ya rasa waya ko kwamfuta. A gidan iyalai kuwa, matan gida suna tsakar gida wuni guda, yara suna shiga suna fita, baƙuwar fuska ba ta wuce zaure ba a ce mata "wa kake nema?" ba. Shirun da ya burge ka a bakin gari, shi ne abin da ɓarawo ma yake nema. Karatu kuwa, ka yi shi a jami'a ko bayan asuba, lokacin da gidan bai tashi ba.

Kafin ka ba da ko dala, ka yi abu uku. Ka je unguwar da dare, wajen ƙarfe 10, da ƙafarka, ka ga ko akwai fitila a lungun, ko mai shayi da mai shago suna buɗe, su waye ke zaune a kusurwa. Unguwa da rana daban take da unguwa da dare. Sannan ka tambayi maƙwabta batun ruwa. Kada ka ce wannan ba zancen tsaro ba ne. Damagaram kan dutse take zaune, kuma idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, akwai unguwannin da famfo ba ya zuwa sai tsakar dare. Mutum ya tashi da magagin barci, ya ɗauki bidon ya fita, ya bar ƙofa a buɗe da waya a sarji, yana cewa yanzu zan dawo. Sata da yawa a wannan ɗan tsakanin ake yin ta. In gidan ba shi da ruwa, gara ka daidaita da ɗan garuwa guda wanda mutanen gidan suka sani. Na uku, ka ga mai gidan ido da ido, ka ba shi kuɗin a hannunsa gaban shaida, ya rubuta maka takarda. An sha karɓar kuɗin wata uku hannun baƙo a kan ɗakin da mai karɓar ba shi da iko da shi.

Idan ka tare, sayayyarka ta farko kwaɗo ce, ko da ka tarar da wani a ƙofar, domin ba ka san hannu nawa makullinsa ya bi ba. A nan zan tsaya kaɗan, saboda abin ya taɓa gidana. Wani ɗan ƙanwata ya sayi kwaɗo mai nauyi mai tsada ya sa wa ɗakinsa. Ranar da aka shiga, kwaɗon yana nan a kulle, ba a ko taɓa shi ba. Sakatar da aka rataya shi a kai, da ƙananan kusoshi aka kafa ta daga waje, aka warware su aka ajiye gefe. Kwamfutar da aka ɗauka, aikin kammala karatunsa na wata takwas yana cikinta, ba shi da kwafi ko'ina. Har yau in na tuna zamansa a zaurena a daren nan, zuciyata ba ta yi mini daɗi. Saboda haka ka kira mai walda ya duba ƙofa da taga. Sakata ta zama a walde, ko da noti mai ratsa ƙofa wanda ake ɗaurewa daga ciki. Ka zaɓi kwaɗon da wuyansa gajere ne mai kauri, wanda almakashin ƙarfe ba zai samu wurin kamawa ba. Aikin karatunka kuma ka riƙa tura wa kanka ta imel duk mako.

Kuma ka gaida mutane. Ka je ka gabatar da kanka ga mai unguwa, ka yi salla a masallacin lungun, ka tsaya ka yi wa samarin fada sallama ko da ba za ka zauna shan shayi ba. In za ka tafi hutu Tanut, ka kai kayanka masu daraja ajiya wurin mai gidan. Kada ka daina bibiyar sunanka a ofishin CROU, hukumar da ke kula da masaukin ɗalibai, ana samun gurbi a tsakiyar shekara wani lokaci.

Tambaya, daga wani ɗalibi ɗan Magarya: Malam, wani yaro ya tare ni kusa da Kasuwar Dole da waya Infinix kusan sabuwa, ya ce in ba da jika 25, ni kuwa na san a shago ta ninka haka. Ya ce mahaifiyarsa ce ba lafiya. In saya?

Kada ka saya, ƙanena. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai yiwuwa ne gaskiya yake faɗa, amma ba ka da hanyar sani, kuma idan ta sata ce, doka ba ta tsaya kan wanda ya sata kaɗai ba, tana kama wanda aka samu kayan a hannunsa. Ranar da ka sa layinka a cikinta, sunanka ne zai fito idan mai ita ya kai ƙara, tunda kowane layi da katin shaidar mai shi aka yi masa rajista. Yaron ya ɓace, kai kana kwamisariya, ofishin 'yan sanda, kana rantsuwa. Ka tuna kuma wayar nan, wataƙila daga hannun ɗalibi irinka aka fizge ta, kuma muddin akwai mai saye, fizge ba zai ƙare ba.

Waya ta hannu ba laifi ba ce, in an saye ta yadda ya kamata. Ka je wurin mai shago wanda gobe za ka same shi a inda ka bar shi. Ka danna *#06# a wayar, lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ake kira IMEI, mai layi biyu takan nuna biyu. Ka gwada ta da wadda ke jikin kwali in akwai kwali. Ka sa mai shagon ya rubuta lambar a takardar saye tare da sunansa da ranar. Sannan ya goge wayar gaba ɗaya a gabanka, ka kunna ta da kanka. Idan ta tashi tana neman asusun Google ko iCloud na wani, kuma mai sayarwa ya ce "bari a kai wa mai gyara ya cire", ka karɓi kuɗinka. Idan jika 25 ce iyakar abin da ke aljihunka, sabuwar Itel ko ƙaramar Tecno a kwalinta ta fi maka babbar waya da ba ka san asalinta ba.

Wannan lamba ta IMEI, kowa ya rubuta ta wayarsa yau a littafi, ya ajiye a gida. Idan an sace, ita 'yan sanda za su fara tambaya. Abu na farko bayan sata shi ne ka ruga ofishin Airtel, Moov ko Zamani da katinka a rufe layin, kafin a fara kiran danginka ana cewa kana asibiti a turo kuɗi.

Tambaya, daga wata ɗaliba 'yar Gure: Baba, wasu ranaku ba ma tashi daga darasi sai bayan magariba, kuma gidan yayar babana da nake zaune yana da nisa. Kabu-kabu nake hawa, amma ina jin tsoro. Ƙawata ta ce in sayi barkonon fesawa. Me ka gani?

'Yata, tsoronki yana kan hanya, kada ki bari kowa ya ce miki raki ne. Amma kuɗin da za ki sa a abin fesawa, ki sa shi a wani wuri. Abin da ke cikin jaka, kina bayan moto, hannu ɗaya riƙe da littafi, ba zai fito a lokacin da ake buƙatarsa ba, in kuma iska ta juyo da shi idonki zai shiga.

Ki nemi ɗan kabu-kabu guda, magidanci, wanda mijin gwaggonki ko wani babba a gidan ya san gidansu. A daidaita da shi na wata, ya riƙa zuwa ɗaukar ki a ƙofar jami'a. Zai fi hawan kan titi tsada kaɗan, amma mutum ne da aka san inda za a same shi, shi ma ya san an sani. In kun kai ku uku masu hanya ɗaya, ku haɗa kuɗi ku ɗauki adaidaita, ya fi moto rufin asiri. Ranar da dole ta sa kika hau na wanda ba ki sani ba, ki hau a tasha inda abokan aikinsa suka gan shi, ki kira gida a kunnensa ki ce ga ni nan tafe, ga ta inda za mu biyo. Idan ya bar kwalta ya ce zai yanke ta lungu, ki ce ya tsaya a wurin mai shayi ko shago na farko, ki biya ki sauka. Kada ki ji kunyar ɗaga murya. Jaka a gaba tsakaninki da shi, waya a ciki, ba a hannu ba, don masu fizge a kan moto suke zuwa su biyu. Ki lura da gefen hijabi kada ya shiga taya. Lambar 'yan sanda 17 ce, ta 'yan kwana-kwana 18.

Ku kuma kai maganar ga wakilanku na ƙungiyar ɗalibai ta USN, su nemi a duba darussan da ke kai mata dare. Magana ce da ta cancanci a zauna a kanta.

Tambaya, daga wani ɗalibi da bai faɗi garinsu ba: An tare abokina da dare an karɓe masa waya. Tun ranar nake tunanin sayen wuƙa, wani kuma ya ce zai kai ni inda ake ba da maganin ƙarfe. Kowa yana ba mu labarin 'yan pale, wato gungun 'yan dabar garin nan.

Ɗana, na roƙe ka don Allah ka bar wannan tunani. Wanda ya tare ka ya saba da abin da ke hannunsa, kai ba ka saba ba, kuma da wuya ya zo shi kaɗai. Wuƙar da ka zaro ita ke mai da ƙwacen waya ya zama jini. In kuma sintiri suka same ta a ƙugunka, kai ne mai laifi a daren nan, karatun da iyayenka suka sayar da dabba don shi ya tsaya. Maganin ƙarfe kuwa, babban abin da yake yi wa yaro shi ne ya sa ya tsaya a inda ya kamata ya gudu. Idan an tare ka, ka miƙa wayar. Ana sayen wata.

Game da 'yan pale, gaskiya ne garin nan ya sha wahalarsu, kuma sunan Kara-Kara ya yi nisa saboda haka. Amma unguwa ce ta mutane masu neman abincinsu, da yawa daga samarin da aka ji tsoro a da yanzu kabu-kabu suke yi ko wata sana'a. Kada ka ɗauka haɗari yana unguwa ɗaya, sauran gari lafiya. Lungu mai duhu a Sabon Gari ko Birni, ƙarfe 1 na dare, kana tafe kai kaɗai fuskar waya tana haska ka, shi ne wurin haɗari. Ka raka abokinka kwamisariya ya shigar da ƙara ko da yana ganin ba za a samu wayar ba, domin da yawan ƙorafi ake sanin inda za a tura sintiri.

Tambaya ta ƙarshe: Idan kuɗin burs, wato tallafin karatu, ya fito, ko aka turo daga gida, a ina ya fi in ajiye?

Ba a ƙarƙashin katifa ba, can ake fara dubawa. Ranar da burs ya fito gari duka ya sani. Ka biya haya da kuɗin abinci a ranar, saura ka bar shi a asusu, ko na banki ko na waya irin na NITA ko Amana, ka riƙa cirar na kwana biyu ko uku, da rana. Lambar sirrinka kada ta zama shekarar haihuwarka, kada ka faɗa wa ko abokin ɗaki. Wanda ya kira ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar, ka duba asusunka da kanka kafin ka amsa, saƙon da ya nuna maka yana iya zama shi ya rubuta. Wanda kuma ya ce ka karanto masa lambobi 6 da suka shigo wayarka, WhatsApp ɗinka yake son ƙwacewa, ka kashe kiran.

Masu tambaya a kan sayen moto ta hannu da takardunta, ku yi haƙuri, mako mai zuwa in Allah ya kai mu.