Shafin da aka gina domin mai karatu ya san abu

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na ce ka cire hotunan nan masu juyawa daga saman shafin da muke gina wa ƙungiyar wayar da kai kan lafiya, alhali a shafin kantin da muka gama kafin shi ni da bakina na ce a sa su. Ka ce, "Maigida, ai duk shafin intanet ne, me ya raba su?" Zauna, ɗana, tambayar nan tana da amsa mai tsawo, kuma gara ka ji ta tun hannunka bai saba da wani abu dabam ba.

Abin da ya raba su shi ne wanda ke shigowa. Mai shiga shafin kanti ana so ya daɗe, ya leƙa nan ya leƙa can, ido ya ja shi har ya saya. Mai shiga shafin bayani kuwa da tambaya ya zo a ransa. Wata uwa ce da jaririnta ya yi zazzaɓi bayan allurar rigakafi, tana so ta san ko abin damuwa ne. Wani ɗalibi ne da ke neman takardun da ake buƙata kafin ya cike fom. Aikinka shi ne ka kai su ga amsa da wuri, ka sa su yarda da ita, su kama gabansu. Duk abin da ka ɗora a shafin da bai taimaka wa wannan ba, tare musu hanya ya yi, komai kyansa.

Ka san shafin intanet na farko a duniya ma irin wannan ne? Tim Berners-Lee ya gina shi a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva, aka buɗe shi ga jama'a a 1991. Rubutu ne zalla da mahaɗai, yana bayanin mece ce yanar gizo da yadda ake amfani da ita. A 2013 CERN ta maido da shi a adireshinsa na asali, ka je ka gani da idonka. Har yau yana buɗewa nan take, kuma ba ka ɓata a cikinsa.

To, yaya mutane suke karatu a allo? A 1997 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya buga sakamakon gwajin da suka yi: kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka gwada bin shafi suke yi da ido sama-sama, kashi 16 kaɗai ke karantawa kalma bayan kalma. Wancan a kan kwamfuta ne, balle yanzu da allon ya koma tafin hannu. Shi ya sa amsa take zuwa a layin farko, dalili ya biyo baya, tarihi ya zo ƙarshe idan ma akwai buƙatarsa. Duba shafin rigakafin da ka tsara. Sakin layi uku na farko labarin kafuwar ƙungiyar ne da manufofinta, sai uwar nan ta ja allo sau da yawa kafin ta ga alamomin da ke nuna a garzaya asibiti. Ka ɗauko wannan sashe ka kai shi sama. Kuma kar ka manta, yawancin mutane ba ta shafin farko suke shigowa ba. Google ne ke jefo su tsakiyar gida kai tsaye, don haka kowane shafi dole ya iya tsayawa da ƙafarsa, ya faɗi abin da yake magana a kai da wanda yake magana.

Kanun sashe ma aiki suke yi. "Ƙarin bayani" bai gaya wa kowa komai ba. "Yaushe zan kai yaro asibiti?" shi ne kanu, domin da kalmomin mai tambaya aka rubuta shi. Na kuma lura girman rubutu kawai ka ƙara ka yi masa kauri, ba ka sa alamar h2 ba, wato alamar da ke nuna wa na'ura cewa wannan kanun sashe ne. Mai ido ba zai ga bambanci ba, amma makaho da ke amfani da manhajar karanta allo da waɗannan alamomin yake tsallakawa daga sashe zuwa sashe. Idan babu su, sai ya saurari shafin tun daga farko har ƙarshe. Haka hoton jadawalin alluran da ka bari ba bayani a bayansa: manhajar sunan fayil za ta karanto masa, ko ta wuce shiru. Ka rubuta abin da ke cikin hoton. Ruwan tokan da ka zaɓa wa rubutu a kan farin fage shi ma ya yi haske da yawa. Ƙa'idar W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta ce bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma akwai manhajojin da ke auna shi cikin daƙiƙa.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne amana. Mai karatu ba ya ganin fuskarka, ba shi da hanyar sanin ko likita ne ya rubuta ko wani ne ya kwafo daga inda ya ga dama. Kai ne za ka gina masa wurin da zai gane. Sunan marubuci da ƙwarewarsa su fito. Ranar da aka rubuta da ranar da aka sake dubawa su fito a sarari, kuma kar a canza kwanan wata sai an taɓa abin da ke ciki da gaske. Inda aka samo bayani a sa mahaɗinsa. Wikipedia, wadda aka fara a 2001, kowa na iya gyara ta, amma abin da ya riƙe ta shi ne kowane gyara yana da tarihinsa a buɗe, kuma maganar da ba ta da madogara ana manna mata alamar ana buƙatar hujja. Idan mai shafi ya dage sai an sa talla, a sa, amma a ware ta yadda ba wanda zai ɗauke ta a matsayin bayani. Ni dai ba na karɓar aikin da za a saƙa talla cikin shawarar magani ba tare da an faɗa ba. Bayanin lafiya da ya tsufa ko aka gurɓata shi yana iya cutar da mutum, kuma da hannunmu aka kai masa.

Sai adireshi. Mutane na ajiye mahaɗi, suna tura wa 'yan uwa, wasu shafuka na nuni zuwa gare shi. Ranar da ka sake wa shafi suna ba tare da ka yi juyi na 301 ba, wato umarnin da ke kai mai tsohon adireshi zuwa sabon, duk waɗannan sun mutu, mai neman amsa ya tarar da 404, saƙon cewa ba a samu shafin ba. Berners-Lee ya yi rubutu a kan wannan tun 1998, cewa adireshi mai kyau ba ya canzawa. Ka zaɓe shi gajere, mai ma'ana, ka bar shi. Kar kuma ka cusa muhimmin bayani cikin PDF, a waya wahalar karantawa gare shi.

Game da alƙaluman masu ziyara da ka ce suna damunka, daɗewa a shafi ba kullum ne alamar nasara ba a irin wannan aiki. Wataƙila mutum ya daɗe ne don ya rasa abin da ya zo nema. Idan ka gama gyaran, ka miƙa wa wanda bai taɓa ganin shafin ba wayarka, ka ce ya nemo maka lokacin allura ta biyu. Ka kame bakinka, kar ka nuna masa komai, ka kalli inda yatsansa ya tsaya yana shakka. Ka rubuta wuraren, gobe da safe mu bi su ɗaya bayan ɗaya.