Zauren Tambayoyi: Rumbun rajista ko mai gadin na'urori, wanne kamfani zai fara saye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da kayan masarufi a sari nan Damagaram. Muna da babban shago kusa da Kasuwar Dole, da sito biyu, da reshe a Magarya da Matamaye, kwamfutoci wajen 30 gaba ɗaya. Watan jiya wani ya sauya farashin shinkafa cikin manhajar kes da dare, har yau ba mu gano shi ba. An kawo wa maigida tayi biyu: manhajar tattara log, da wata mai tsada da ake kira SIEM. Wacce ta dace da mu? Daga wani mai karatu, unguwar Zango.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Log shi ne layin rubutu da kowace na'ura ke ajiyewa duk lokacin da wani abu ya faru: wane ne ya shiga, daga wace kwamfuta, ƙarfe nawa, me ya taɓa. Mu kira shi rajista, don daidai yake da littafin da mai gadin sito ke rubuta shiga da fitar motoci. Manhajar tattara rajista, irin su Graylog da Grafana Loki, aikinta uku ne: ta kwaso rubutun daga duk na'urori, ta ajiye wuri ɗaya, ta ba ka damar bincike. SIEM kuwa, irin su Wazuh da Microsoft Sentinel da sashen tsaro na Splunk, tana yin wannan duka, sannan tana da dokoki da ke haɗa aukuwa da aukuwa ta buga ƙararrawa. Misali, Windows na rubuta lamba 4625 idan an kuskure kalmar sirri, 4624 idan an shiga lafiya, 4720 idan an buɗe sabon asusu. Rumbun rajista zai adana ukun ya yi shiru har sai ka nema. SIEM idan ta ga 4625 sau 20 cikin minti biyu, 4624 ta biyo baya, sai ga 4720 da ƙarfe biyun dare, nan take za ta aiko maka saƙo.

A halin da kuke ciki, rumbun za ku fara ginawa. Tambayar da ke damun maigida ita ce wa ya yi, kuma rajistar da aka adana da kyau ce ke amsa ta. Akwai ma abin da ya riga sayen manhaja. Idan masu kes uku suna shiga da asusu ɗaya, kalmar sirrin na manne a gefen allo kan ƴar takarda, to babu SIEM a duniya da za ta faɗa maka sunan mai laifi, abin da za ta ce kawai shi ne "kes1 ya sauya farashi". A ba kowa asusunsa, a cire ikon sauya farashi daga hannun wanda aikinsa karɓar kuɗi ne, a tambayi wanda ya sayar muku da manhajar kes inda take rubuta sauye-sauye da yadda za a fitar da su. Windows ba ta san farashin shinkafa ba, wannan labarin yana cikin manhajar kes ne kaɗai.

Daga nan sai agogo. Kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta, CR2032, ya mutu, duk sanda wuta ta ɗauke sai kwanan watanta ya koma shekarun baya. Rajistar da ta fito daga gare ta ba za ta jeru da ta sauran ba, bincike ya dagule. A sauya batiran, a sa kowace na'ura ta riƙa saita lokaci ta hanyar NTP, wato tsarin daidaita agogon na'urori, daga wuri ɗaya. A kuma lura cewa lokacin Nijar yana gaban GMT da awa 1. Idan wata na'ura na rubutu da GMT wata da lokacin gida, za ka zargi wanda ya riga ya tashi aiki.

Dalilin kwashe rajista zuwa waje ɗaya shi ne na'urori ba sa riƙe ta. Rajistar tsaro ta Windows tana zuwa da iyakar kusan 20 MB, idan ta cika sai sabon rubutu ya hau kan tsohon. Na'urar rarraba intanet ta MikroTik, wadda ofisoshi da yawa ke amfani da ita, tana ajiye layi 1,000 ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wuta na ɗaukewa shi ke nan sun tafi. Kuma wanda ya samu ikon shugaba kan kwamfuta yana iya goge rajistarta. Windows za ta rubuta 1102 alamar an goge, amma abin da aka goge ba ya dawowa sai in an riga an tura shi wani wuri. Don haka a ware kwamfuta ɗaya ta Linux da ba ta wani aiki sai wannan, a kulle ta a ɗakin da ba kowa ke shiga ba, kalmar sirrinta ta bambanta da ta sauran.

Ga rassan Magarya da Matamaye akwai tarko. Tsohuwar hanyar tura rajista, wato syslog, tana tura saƙo ta UDP a ƙofa 514, ba ta jiran a ce an karɓa. Layi na yankewa, abin da aka tura a lokacin ya salwanta kuma ba wanda zai sani. A yi amfani da TCP, wadda ke jiran a ce an karɓa, a kunna layin jira na kan faifai a rsyslog, manhajar da ke tura rajistar, ta yadda reshe zai tara saƙonninsa har intanet ta dawo. Kada a bar saƙon ya bi intanet tsirara: a lulluɓe shi ko dai ta VPN, ko ta TLS a ƙofa 6514.

Sai bayan wata biyu ko uku kuna ganin rajista tana shigowa ba yankewa za a yi maganar ƙararrawa, kuma sharaɗinta ɗaya ne: a samu mutum takamaimai da zai duba saƙon ya ɗauki mataki, har ranar Juma'a da ranar salla. In kai kaɗai ne, kai ke gyaran firinta kai ke jan waya, to faɗa wa maigida gaskiya kafin ya kashe kuɗi.

Tambaya: Ni ce mai lissafi a wata ƙaramar ma'aikatar ajiya da ba da lamuni. An ce mu riƙa adana rajistar na'urorinmu. Faifai mai girman nawa za mu saya, kuma tsawon wane lokaci za mu ajiye? Daga wata mai karatu, Birni.

Amsa: Hajiya, kada a saya da ka, a auna. A kunna tattarawa na mako ɗaya cikakke, wanda ya haɗa da ranar da kuka fi cunkoso kamar ƙarshen wata, a ga yawan abin da ke shigowa. Lissafin ba wuya: yawan saƙo a daƙiƙa, sau girman saƙo, sau 86,400, wato daƙiƙun yini. A ce saƙo 20 ne a daƙiƙa, kowanne bait 500, zai ba da 864 MB a rana, kusan 26 GB a wata, sama da 300 GB a shekara. Manhajar bincike tana ƙara nata nauyin, don haka a ninka abin da aka samu sau biyu. Akwai dalili: OpenSearch da Elasticsearch, waɗanda ke ƙarƙashin wasu daga cikin waɗannan manhajoji, irin su Graylog da Wazuh, suna fara ƙorafi idan faifai ya kai kashi 85 cikin 100, idan ya kai 95 sai su daina rubuta sabon abu. Allon zai ci gaba da buɗewa kamar lafiya lau, alhali rajista ta tsaya tun makon jiya.

Maganar tsawon lokaci, ma'aunin da ya fi shahara shi ne na PCI DSS, ƙa'idar masu mu'amala da katin banki: wata 12 a ajiye, wata 3 na baya-bayan nan su kasance a shirye don bincike nan take. Ko ba ku taɓa kati ba, tsari ne mai kyau: wata 3 a cikin manhaja, sauran a matse su a kwashe zuwa faifai biyu na waje, ɗaya ya kwana a wani gini daban. Tunda kuna ƙarƙashin dokokin BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, ku nemi masu bincikenku su ba ku wa'adin da suke buƙata a rubuce. Ki kuma tuna rajista na ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane, saboda haka ta shiga hurumin dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP ke kula da ita. A taƙaita masu ikon karanta ta, kada kuma a bar kalmar sirri ko cikakkiyar lambar asusu ta faɗa ciki.

Kuɗin na'urar riƙe wuta, wadda masu gyara ke kira ondiler, ya shiga kasafin tun farko, kuma a haɗa ta da kwamfutar ta wayar USB don ta kashe kanta a tsanake kafin batir ya ƙare. Mutuwar farat ɗaya ita ke lalata ma'ajiyar bincike. Ɗakin ma ya samu iska, don zafin Afrilu da Mayu da ƙurar hunturu suna cin faifai da fanka.

Tambaya: Na girka Wazuh tunda kyauta ce, amma kullum sai na tarar da ɗaruruwan gargaɗi, har na daina buɗewa. Ko in cire ta? Daga wani ɗalibi mai koyon aiki, Sabon Gari.

Amsa: Kada ka cire, ɗan'uwa, saiti ne ya rage. Wazuh na jera dokokinta daga mataki 0 zuwa 15. Ka sa saƙon waya ko imel ya zo maka daga mataki 12 zuwa sama kaɗai, sauran su zauna a allo ka duba su sau ɗaya a rana. Sannan ka ɗauki mako biyu, kowace safiya ka zaɓi dokar da ta fi yawan kuka ka bi sawunta. Sau da yawa za ka tarar wata firinta ce ko manhajar ajiyar kwafi ke ta ƙoƙarin shiga da tsohuwar kalmar sirri. Ka gyara tushen, in kuwa abin halal ne ka rubuta masa togaciya ta wannan na'urar kaɗai, ba ka kashe dokar gaba ɗaya ba. Abubuwan da ba a taɓa yi wa shiru su ne buɗe sabon asusu, ƙara wani cikin rukunin shugabanni (Windows na rubuta lamba 4732), goge rajista, shiga daga nesa bayan an tashi aiki, da na'urar da ta daina aiko da komai. Ka duba ƙarfin kwamfutar ma: jagorar Wazuh ta nemi ƙwaƙwalwa 8 GB da faifai 50 GB ga na'urori har 25 na tsawon kwana 90.

Tambaya: Wai ba gara a biya kamfanin waje ya ajiye komai a intanet ba? Daga wani mai kantin magani.

Amsa: Alhaji, ya danganta da layinka da aljihunka. Sentinel na caji ne kan kowane GB da ya shiga, da kuɗin ƙasar waje, ga kuma kuɗin datar da za ka ƙona wajen turawa kullum. Na'ura ɗaya ta rikice ta yi ta zuba saƙo kwana uku, sai ka gani a takardar biya. Splunk na da sigar kyauta mai iyakar 500 MB a rana, amma ba ta buga ƙararrawa. In dai za ka bi wannan hanya, ka tace a gida, ka tura rajistar shiga da ta asusu da ta bangon tsaro kaɗai, ka sa iyakar abin da zai shiga a rana, sannan a rubuta cikin yarjejeniya ƙasar da bayanan za su zauna da yadda za ka karɓe su ranar da kuka rabu.