Siriyom da fitar da haidurojin daga ruwa

Malam, ka tambaya ko ma'adanan nan 17 da ake kira "masu wuyar samu" ne ke raba ruwa a samu haidurojin. A wasu na'urorin kawai. Na'urorin PEM, masu raba ruwa da wutar lantarki, da iridiyom da filatinom suke aiki, kuma su ba 'yan wannan gidan ba ne.

Siriyom kuwa yana cikin 17 ɗin. Dubi siriyom oksaid, wato siriyom haɗe da oksijin. Ana gasa shi da hasken rana da madubai suka tattara har kusan digiri 1,500, sai ya saki wani kaso na oksijin ɗinsa. In ya ɗan huce a busa masa tururi, ya fizge oksijin na ruwan, haidurojin ya fita. Sunan "masu wuyar samu" ma akwai ruɗi: siriyom ya fi dalma yawa a ƙasa. Tace shi ne wahalar, kuma yawanci a Sin ake yi.