'Yan matan da ake saukewa a Agege kafin a nufi Seme

Wani ɗan'uwa mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12, mazaunin Agege, ya rubuto cewa: "Akwai wata Hajiya 'yar garinmu da ke kawo 'yan mata daga gida, wai za ta sama musu aikin gidan abinci a Abijan. Sukan kwana biyu a nan, sai a wuce da su. Yanzu yayana ya kira ni, ya ce 'yarsa mai shekara 16 tana cikin tafiyar bayan Sallah, in karɓe ta. Hankalina bai kwanta ba, amma ina gudun a ce na tona asirin 'yar gida a garin mutane."

Malam, ka kira yayanka yau, kada ka jira Sallah. Dokar kare haƙƙin yara ta Legas ta 2007 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma dokar hana safarar mutane ta 2015 ba ta karɓar uzurin "ai ita ta yarda" idan yarinya aka kai aka ci da jikinta.

Hanyar da ka kwatanta sananniya ce. Daga Mile 2 a hau motar Badagry, a ƙetare iyakar Najeriya da Benin a Seme, a shiga Kwatano, daga nan kuma sai inda mai kuɗin mota ta ga dama. A 2019 hukumar hana safarar mutane ta Najeriya, NAPTIP, ta ce kimanin 'yan matan Najeriya 20,000 ne ke maƙale a Mali ana tilasta musu karuwanci, da yawansu a sansanonin haƙar zinariya. Wasunsu Malesiya aka ce musu za su. Da an isa sai a karɓe waya da takardu, a lissafa wa yarinya bashin mota da ci da kwana wanda ya ninka abin da aka kashe sau da yawa, a ce da jikinta za ta biya. Mu 'yan Arewa mun daɗe muna ɗauka wannan matsalar mutanen Edo ce, alhali dillalan babu ruwansu da yaren yarinya, talaucin gidansu suke dubawa.

Mai yiwuwa Hajiyar mai gaskiya ce. To, mai gaskiya ba ta ƙin tambaya. Mene ne sunan gidan abincin, a wace unguwa yake, wa ke da shi? Nawa ne kuɗin tafiyar, wa zai biya, bashi ne ko kyauta? Tana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na ɗaukar ma'aikata zuwa waje? Wadda ta fi muhimmanci: a haɗa iyayen waɗanda suka tafi bara da 'ya'yansu ta kiran bidiyo, babu kowa tsaye a kansu. Dubu ashirin da aka turo gida ranar Sallah ba shaidar komai ba ce, da ita ake jawo ƙannen.

Sai maganar tona asiri, wadda na ga ita ta fi damunka. Zaman ci-rani ya koya mana kashe wutarmu a cikin gida, kuma ga rikicin bashi ko na haya, fadar Sarkin Hausawa ta wadatar. Wannan kuwa ba abin sulhu ba ne. Idan aka kira ta fada aka yi mata faɗa, ta rantse ta daina, gobe a Idi-Araba ko Alaba Rago za ta riƙa sauke su. Ku sanar da Sarki da limaminku domin su tsaya muku, amma ƙarar ta tafi NAPTIP, wadda aka kafa tun 2003 saboda wannan aiki. Tana da ofishi a GRA Ikeja, ana kuma kiran ta a lamba 627. Ku riƙe ranakun da ake kawo yaran, da gidan da suke kwana, da tashar da ake ɗaukar su. Kada matasa su je su yi mata taron ƙofar gida, domin a daren za a kwashe yaran.

Ƙungiyar 'yan garinku tana da ido fiye da yadda take zato. Direbobin da ke kawo tumatir da shanu sun san wa ke ɗoro yara a bayan mota, masu gidajen haya sun san ɗakin da baƙin fuska ba sa yankewa, matan Islamiyya kuma su ne yarinya za ta iya buɗe wa cikinta. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda kowa ya san su ake kai wa irin wannan labari.

Wadda ta dawo kuma, a kai ta Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na jihar Legas a Ikeja, inda ake duba waɗanda aka ci zarafinsu kyauta, a kuma hana bakin mutane bin ta har gida. Tsoron gori ne ke sa wasu su ƙi dawowa ko da hanya ta samu.

Shi kuwa yayanka, babu ce ta sa shi amincewa, don haka "kada ta je" kaɗai ba za ta riƙe shi ba. Ka faɗa masa abin da za ka iya ɗauka duk wata, na makarantarta ko na koyon ɗinki a can gida, sannan ka sa mahaifiyar yarinyar cikin maganar.